Sai da Na Je Masar Na Ga Badalar Unguwarmu

Kwana goma muka shirya yi a Alƙahira, sai ga mu mun share sati shida. Umma na kai aikin ido. Ciwon suga na shekara da shekaru ne ya taɓa mata tantanin nan na can bayan ido, wanda hoton abin da mutum ke kallo yake sauka a kansa, har ya fara ɗagowa, aka ce sai an shiga ciki an gyara. Da aka gama aikin, likita ya cika idon da wata kumfar gas don ta danne tantanin ya manne, sannan ya kafa mana doka: babu hawa jirgin sama sai kumfar ta tsotse gaba ɗaya. Idan jirgi ya lula sama irin wannan kumfa kumbura take yi, ta matse ido, mutum yana iya rasa ganinsa kafin a sauka. Wani gas ɗin sati biyu yake yi, wani kuwa har wata biyu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na karanta wannan tun a makaranta, amma da muke lissafin guzuri a Kano ko kaɗan bai faɗo min a rai ba. Don haka uwargida, in Allah ya ƙaddara za ki kai wani naki aikin ido waje, ki tambayi likita wannan magana kafin ki yanki tikitin dawowa.

Haka muka zauna a wani ɗan gidan haya, ni da Umma da autanmu wanda ya rako mu. Yarana uku suna Kano wurin babansu da gwaggonsu, kullum sai an kira ni a waya an kawo ƙarar wani. Kuɗi na ta zurarewa. Satin farko Umma ta yi shi a kife, fuska ƙasa, yadda likita ya ce, ba ta ɗagowa sai don cin abinci da ɗiga magani. Matar da a gida ba ta iya zama minti goma ba ta sa wani aiki ba, sai ga ta ta koma shiru. Ni na fi jin tsoron shirun nan a kan ciwon.

A sati na shida aka duba aka ce kumfar ta tafi, saura ganin likita na ƙarshe. A ranar ne wani yaro ɗan Kano da ke karatu a Azhar, wanda yake yi mana tafinta a asibiti, ya ce bai kamata mu bar Masar ba mu hau Ƙal'ar Salahuddini ba. Ƙal'a da Larabci ita ce gidan sarauta da barikin soja a haɗe, kewaye da ganuwar dutse.

Umma ta ce, "Ni da na zo neman lafiya, me ya haɗa ni da yawon buɗe ido?"

Auta ya ce, "To Umma, ai buɗe idon muka zo yi."

Ranar ce na fara jin dariyarta tun da muka sauka daga jirgi. Ta ce a ɗauko mata baƙin tabarau da mayafinta mai kauri.

Tun daga ƙofa muka fara karo da abin da ba mu shirya masa ba. Kuɗin shiga na baƙo daban ne da na ɗan ƙasa, ya ninka shi nesa ba kusa ba, kuma a lokacin da muka je da katin banki ake biya, ba a karɓar tsaba. Katina na gida ya ƙi, na Auta ya ƙi. Ɗalibin nan ne ya biya mana da nasa muka ba shi kuɗin a hannu, ina ta jin nauyinsa, yana ta cewa, "Haba Anti, ai ba komai." Daga nan sai hawa. Ƙal'ar a kan wani reshe na dutsen Muƙaɗɗam take, hanyar shimfiɗe da duwatsu, tana hawa a hankali yadda ba za ki ankara ba sai kin ji numfashinki ya sauya.

Ganuwar ce ta fara kama min ido. Manyan tubalan dutse ne masu launin ƙasa, an jera su an haɗa bakinsu tsaf, ga hasumiyoyi masu ƙananan tagogi tsukakku inda maharba ke laɓewa. Salahuddinil Ayyubi ne ya sa aka fara ginin a 1176, shekara goma sha ɗaya kafin ya karɓo birnin Ƙudus a 1187. Wani amintaccensa, Baha'uddini Ƙaraƙush, shi ya tsaya a kan aikin. An kwaso wasu duwatsun daga ƙananan dalar Fir'auna da ke Giza, fursunonin yaƙi kuma suka sha sassaƙa da dako. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Salahuddini bai taɓa zama a ciki ba. Ya rasu a Dimashƙa a 1193, ɗan ɗan'uwansa Alkamil ne sarkin da ya fara tarewa. Daga nan wurin ya zama fadar mulkin Masar kusan shekara 700, har zuwa 1874 da aka mayar da fada cikin gari.

Da ɗalibin ya ce akwai Rijiyar Yusuf a ciki, Umma ta tsaya cak, ta fara salati. Ta ɗauka rijiyar da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka jefa shi ce. Sai da ya yi mata bayani cewa sunan yanka na Salahuddini shi ne Yusuf, rijiyar tasa ce. Na ga ranta bai so ba. Amma labarin rijiyar ya isa a saurara. Zurfinta ya doshi mita 90, a cikin dutse aka fafe ta, hawa biyu. An sassaƙa hanya mai murɗawa a jikinta yadda shanu za su gangara har tsakiya, su riƙa juya wani gargare mai ɗauke da tuluna yana ɗebo ruwa daga ƙasa zuwa tsakiya, wasu shanun a sama su ƙarasa da shi. Dalili kuwa, duk ƙarfin ganuwa, in abokan gaba suka kewaye ta suka toshe hanyar ruwa, ƙishirwa ce za ta buɗe musu ƙofa. Umma ta ce, "Ashe su ma sun san ruwa ne gida." Mu da muke tsaron mai kurar ruwa tun asuba ba ma buƙatar a fassara mana wannan.

Ginin da ya fi fitowa a hotuna shi ne masallacin Muhammad Ali, mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi biyu sirara da suka haura mita 80. Da na turo hoton gida, ɗana na tsakiya ya aiko tambaya ko ɗan damben nan ne ya gina. Ba shi ba ne. Wannan Muhammad Ali Basha ne, wanda ya mulki Masar daga 1805, ya fara masallacin a 1830 a kan fasalin masallatan Istanbul, kabarinsa ma yana ciki. Ciki akwai sanyi da faɗi, fitilu sun kewaye sama, jikin bango lulluɓe da wani farin dutse mai sheƙi. A farfajiyar akwai hasumiyar agogo da Sarkin Faransa Louis Philippe ya aiko, bayan Masar ta ba Faransa wani dogon ginshiƙin dutse na zamanin Fir'auna wanda har yau yake tsaye a tsakiyar Paris. Agogon ya shafe sama da shekara ɗari ba ya aiki. Umma ta ce an ba da sa an karɓi kaza.

Mai wannan kyakkyawan masallaci shi ne kuma a watan Maris na 1811 ya gayyaci manyan Mamalik, waɗanda suka daɗe suna riƙe da ƙasar, zuwa walimar rakiyar ɗansa da zai tafi yaƙi. Da aka ci aka sha suka hau dawakai za su fita, sai aka rufe ƙofa suna cikin wani tsukakken lungu mai gangara, aka buɗe musu wuta daga sama. Ɗaruruwa aka kashe. Na tsaya ina kallon 'yan makaranta suna ɗaukar hoto suna dariya, na rasa yadda zan haɗa masallacin da lungun a rai ɗaya.

Muna fitowa daga masallacin ne na lura Umma ta fara yi wa Auta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na dube ta, goshinta ya jiƙe da gumi alhali iska ake kaɗawa mai sanyi, hannunta na rawa. Na zaunar da ita a kan wani dakali na ciro na'urar gwajin suga. Ta nuna 58. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 faɗuwar suga ce. Ta yi allurar insulin da safe, ta ɗan taɓa burodi ta ture saboda ta gaji da waken Misirawa, sannan muka sa ta hawan dutse. Na buɗe jaka neman dabinon da nake yawo da shi kullum, babu. Na bar shi a kan tebur a masauki. Ni da nake tsayawa a gaban marasa lafiya ina yi musu huɗubar kada su fita ba tare da abu mai zaƙi ba.

Wata Bamisiriya da ke zaune da 'ya'yanta ta ga abin da ke faruwa. Ba ta tambayi komai ba, ta zare lemon kwali daga hannun ɗanta ta miƙo min. Yaron ya ɓare baki zai yi kuka, ta harare shi irin hararar da duk uwa ta sani. Umma ta shanye, muka jira minti goma sha biyar, na sake gwadawa, ya hau. Auta ya samo biskit ta ɗora. Ƙa'idar ke nan, ki riƙe ta: in mai suga yana cikin hayyacinsa, a ba shi rabin kofin lemon zaƙi ko babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, a jira minti goma sha biyar a sake gwaji, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Kuma ba gumi da rawar hannu kaɗai ba ne alama. Wani tsohon, faɗa da rikicewar magana ne farkon abin da za ki gani, ki ɗauka halinsa ne.

Na ce mu koma gida. Umma ta ce ba ta sha wannan hawan don ta juya a nan ba.

Abin da Umma ta gani

Bayan masallacin akwai wani fili mai dogon dakali inda ake hango birnin. Alƙahira ce shimfiɗe har iyakar gani, hasumiya bayan hasumiya, ga masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14 da na Rifa'i a ƙasanmu kamar mu miƙa hannu. An ce ranar da gari ya washe har dalar Giza ake hangowa, mu dai hazo ya tare mana. Umma ta ɗaga tabarau a hankali, ta rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, ta gwada wanda aka yi wa aiki. Ta daɗe. Ni duk zatona hasumiyoyin take ƙirgawa.

Can ta ce, "Ke 'yar nan." Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wannan abin da muka biya kuɗi muka hau, ai badala ce."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce tana yarinya, haka suke hawa badalar Dukawuya da yamma in an aike su, su zauna a sama suna hango gonaki ta waje, da masu jakuna suna shigowa da itace da kara, ta ciki kuma rufin soraye da hayaƙin girkin dare. Ta ce akwai inda faɗin saman ya isa su yi 'yar gala-gala. Kakarta ta ba ta labarin lokacin da ake rufe ƙofar in dare ya yi, Sarkin Ƙofa ya sa sakata, wanda ya makara ya kwana a waje da kuraye.

A Dukawuya aka haife ni, a nan na yi aure, ta gefen badalar nake wucewa kullum in zan tafi aiki. Ban taɓa jin wannan labari ba, domin ban taɓa tambaya ba. A wurina badala wani tudun jar ƙasa ne da ake zubar da shara a gindinsa, wanda muke hana yara zuwa saboda 'yan shaye-shaye. Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Ɗalibin nan ya ƙara min da abin da ya fi wannan. Ya nuna mana wani tsohon masallaci a nan cikin ƙal'ar, mara ado ta waje, wanda Sultan Nasiru Muhammad ya gina a 1318. Ya ce shekara shida bayan nan, a 1324, Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a hanyarsa ta hajji, da zinariyar da ta karya farashin zinariya a kasuwar birnin. Nan cikin ƙal'ar ya hau ya gana da wannan sultan, kuma da aka ce ya faɗi ya sumbaci ƙasa a gabansa yadda al'adar fadar take, ya nuna shi Allah kaɗai yake yi wa sujada. Daga ƙasar Malin nan ne Wangarawa suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji. Sannan ya juya ya nuna kudu, wajen tsohuwar maƙabartar Ƙarafa, ya ce can Imam Suyuɗi yake kwance, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Jalalaini da ake karanta mana a tafsirin azumi, wanda kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Umma ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a daga inda take zaune.

Sai ya ce, "Hajiya, kin san ganuwarmu ta girmi wannan?"

Na ce ya daina zolaya. Ya ce in na koma in duba. Na duba kuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar. Ko da a shekararsa ta ƙarshe ya fara, ya riga Salahuddini da shekara arba'in da ɗoriya. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Ɓangarenmu kuwa a zamanin Muhammadu Nazaki aka yi shi, tsakanin 1618 da 1623, kuma labarinsa ya yi min daɗi saboda da jinya ya fara. Sarki ya fita yaƙi, rashin lafiya ta hana Wambai Giwa binsa. Da ya warke sai ya nemi abin da zai faranta wa Sarki rai in ya dawo, mutanensa suka ba shi shawarar ya ƙara wa birni faɗi. Shi ya ja ganuwar ta Gadon Ƙaya, daga Dukawuya zuwa Kabuga, daga Kabuga zuwa Kansakali. An ce kullum da safe ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin yake kai wa ma'aikata har aka gama. Da na karanta wa Umma wannan, ba shanun ne suka dame ta ba. Cewa ta yi, "Su wa suka tuƙa tuwon ƙwarya dubu?" Littafin bai kawo sunan mace ko ɗaya a wannan aiki ba.

Akwai kuma ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Sarki Alu yana Sakkwato lokacin da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta iso daga Zariya. Ƙofarmu ta Dukawuya suka fara dosa. An gina ta a lanƙwashe ta ciki, yadda igwa ba ta samun ta kai tsaye, kuma duk wanda ya matso yana tsakanin maharba ta dama da hagu. Da suka ga ba ci, suka matsa Kabuga, nan suka fasa suka shiga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare gidan Sarki. Lugga da kansa ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kama daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40, kewayenta kimanin mil 11, da ƙofofi 13, ya kuma amsa cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Ƙofar da igwa ta kasa, ita nake wucewa a Adaidaita ina duba waya.

Gida

Mun dawo, Umma ta huta, 'yan sannu da zuwa suka ɗauke ƙafa. Wata Asabar da ba ni da aiki na kwashi yaran da ita muka fita da la'asar. Tafiyar ba ta kai minti goma ba daga ƙofar gidanmu. Babbar 'yata ta tambaya ina za mu, na ce wurin da ya girmi wanda na turo muku hotonsa. Da muka isa ta dube ni ta ce, "Mama, nan ne?"

Ban ga laifinta ba. In kin bi titin BUK kin san abin da nake nufi. Wani wurin ganuwar tana nan da ɗan tsayinta, ruwa ya zaizaye ta ya bar mata tsagogi. Wani wurin ta zama tudu, awaki na kiwo a kai. Wani wurin babu ita sam, sai katangar bulo da shaguna da wurin sayar da motoci. Ga leda, ga bola, ga warin bahaya. A idon ma'aikaciyar jinya wannan ba maganar tarihi kaɗai ba ce. Abin da aka zubar a gindin badala da rani, shi ruwan sama yake wankowa cikin lunguna da damina, mu kuma mu karɓi yaran a asibiti da amai da gudawa.

A kan takarda, ganuwar tana da gata. An ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Tsohon birnin Alƙahira, har da ƙal'ar, ya samu wannan amincewa tun 1979. Tamu tana layin jira.

Sai dai a yi adalci. Tasu dutse ce, a garin da ruwan shekara bai cika kai milimita 30 ba. Tamu tubali ne da yaɓe, a garin da ruwan shekara ke haura milimita 700. Ginin ƙasa kamar jariri yake, ba a yi masa wanka sau ɗaya a ce an gama. Da can bayan damina ake fitowa gayya, a kwaɓa ƙasa a toshe inda ya tsage, a sake yaɓe. Da ganuwa ta daina tare mahara, gayyar ta mutu, damina kuma ba ta fasa zuwa ba. Ga jama'a sun yi yawa. Magidancin da ke da 'ya'ya tara a ɗaki biyu, in ya kalli fili a jikin badala, ba Wambai Giwa yake gani ba. Ba na goyon bayansa, amma na san matsin da yake ciki. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai hali, wanda ya san abin da wurin yake, ya sa katafila ta share shi cikin dare ya dasa shaguna.

Ina cikin wannan faɗan nawa ne Umma ta katse ni. Ta ce in rage murya. Ta ce shekarar da soron gidanmu ya faɗi da damina, ina goye, mahaifinmu ba shi da kuɗin sayen ƙasa. Masu jakuna ya samu suka yi kwana uku suna ɗebo masa daga nan, daidai inda muke tsaye. Kowa haka yake yi a lokacin, ba wanda ya ɗauke shi laifi. Wato soron da na yi wasa a ciki, inda aka ɗaura min aure, da ganuwar aka gina shi. Na yi shiru.

Satin da ya biyo na kai yaran Gidan Makama, can kusa da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. Gidan da Rumfa ya zauna ne tun yana Makama, yanzu gidan adana kayan tarihi ne mai ɗakunan nuni 11. Abin da na biya mana mu huɗu bai kama ƙafar tikitin mutum ɗaya a Masar ba. A nan suka ga tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, wanda ya ga shigowar Turawa, suka ga taswirar birni da ƙofofinsa, da kayan yaƙi, da ɗakin amarya irin na da da jerensa. In za ki je, ki tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ki riƙe ruwa, ki ciyar da yara kafin ku fita, mai suga kuma a sa masa dabino a aljihunsa, ba a jakar wani ba. In akwai tsohuwa a gidan, ki lallaɓa ta ta bi ku. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya san shekaru da sunayen sarakuna, amma Umma ce kaɗai ta san inda ake 'yar gala-gala.

Ɗana na tsakiya, mai tambayar ɗan dambe, shi abin ya fi kamawa. Kwana biyu yana zana ƙofofi a bayan littafin lissafinsa, yana jera sunayensu, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, yana tambayata waɗanda suka rage. Ya matsa sai mun koma badala ya ga inda igwa ta kasa. Muka koma, da kakarsa a gaba tana dogara sanda, tabarau a fuska.

Da za mu taho na ga aljihunsa ya yi nauyi. Wani ɓallin tubali ne ya tsinta a gindin ganuwar, jajir, da ɗan guntun ciyawa a jikinsa. Ya ce zai ajiye a kan tagarsa, kamar yadda na ajiye ɗan farantin da na sayo a Masar.

Na buɗe baki zan ce ya bari ba komai, Umma ta riga ni.

"Mayar da shi inda ka gan shi, mai gida. Gidanmu ya riga ya ci rabonsa."

Ya tura baki, ya koma ya ajiye. Sai da ya ɗan tona ƙasa da yatsa ya zaunar da shi sosai, don kada ya gangaro, sannan ya biyo mu da gudu.